Adakar Malam Labbo

Ranar Laraba muka fasa adakar,
ni da ƙanena Arzika, da guduma,
don makullin ya ɓata tun ranar jana'izar mai ita.
Mun zaci takardun gona ne.
Gyare ya yi tsalle, warin tafarnuwa ya taso,
sai ga tulin takardu ɗaure da kaba.

Kakanmu Labbo wasiƙa yake rubuta wa mutane
a gindin tsamiya, bakin kasuwar Achida,
wurin da mai faci ke hura taya yanzu.
Taro wasiƙa guda,
sisi in gaisuwar ta yi tsawo.
Ashe duk wadda ya rubuta sai ya juye wa kansa
a bayan rasiɗin haraji, a takardar buhun sukari,
da ajami ƙanana kamar sawun tururuwa.

Ni boko na yi, ajamin nan ya fi ƙarfina.
Na kwashe su zuwa zauren Ladan Jodi,
wanda idonsa guda ya riga ya yi sallama.
Ya kai takarda har bakin hanci, ya karanta:

“Zuwa ga ɗana Nomau a Kumasi.
Rima ta cika ta cinye shinkafa.
Jakin ya mutu. Uwarka na tambaya
ko hanyag gida ta yi ciyawa.”

“Zuwa ga Mode mai shanu.
Bashi bai ruɓewa, amma ni ina ruɓewa.”

Tsakanin wasiƙa da wasiƙa
sai baitoci, nasa na kansa, ba wanda ya biya:
albasa ta faɗi, manomi ya zauna kan buhu kamar mai zaman makoki,
motar farko ta shigo, awaki suka kwana a daji,
rijiyoyin marina goma sha ɗaya, an cike tara da shara.
Har da zambo ga Namadina mahauci:
“Sikelinka na da ciki, shi ka cin tsoka,
mu mu biya, mu tahi gida da ƙashi.”
Jodi ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce jikan Namadina ne ke da kantin siminti,
kada in kuskura in karanta wannan a fili.

Bara wani ɗalibi ya zo daga jami'a da rikoda.
Dattawa suka jera masa sarauta,
wane ya gaji wane, shekara kaza da wata kaza.
Da Inno Tumba mai daddawa ta fara faɗin
inda tsohuwar rijiyar mata take,
da wadda ta fara kasa gishiri a rumfar yamma,
ya duba agogo, ya kashe na'ura.

To ga garin nan, a ɗaure da kaba:
wa ya ranta wa wa iri, wa ya tafi cirani bai dawo ba,
shekarar da aka ci gero tun yana tsanwa.

Wajen la'asar Jodi ya ɗauko wata mai tabon mai.
Ya karanta layi biyu, ya tsaya.
“Zuwa ga Sambo, duk inda yake.
Yaron ya fara tafiya, kamanninka yake.
Na sa mishi Jodi.”
Bai ƙarasa ba. Ya ninke ta huɗu,
ya sa a aljihun gaba, bai roƙe ni ba,
ni ma ban ce komai ba.

Arzika ya ce masu ƙosai za su saya.
Na ce ya tafi da adakar, ya bar mini cikinta.

Yanzu kullum bayan isha'i
Jodi na karantawa, ina juyewa a littafin makaranta,
fitilar sola na dushewa, sauro na cin ƙafa.
Wani wurin gara ta riga mu,
sai in bar fili, in ja layi.
Mun kai takarda ta tamanin da uku.
Idonsa ɗayan ma ya fara hazo,
shi ya sa ba na barin ya tsaya shan shayi.