Askin Ƙarfe

A wata rumfa a Samaru, bayan tashar mota,
injin da muka sayo gwanjo ya iso ba takarda.
Gaɓoɓinsa biyar, ba wanda ya san jerinsu:
uku na tafiya, gaba da gefe da sama,
ɗaya na sunkuyar da faranti, ɗaya na waina shi.

Oga Barau ya ce, "Saude, ke kika yi boko,
faɗa masa inda gwiwarsa take."

Kwana tara ina awo.
Daga cibiyar juyi zuwa tsinin haƙori,
milimita ɗari da arba'in da biyu, da ɗigo uku.
Na manta ɗigon.
Haƙori ya kafe a ƙarfe, ya yi ƙara, ya tsinke,
dubu tamanin ta tafi kafin in ce wayyo.
Oga bai yi faɗa ba.
Ya tsince guntayen ya zuba a aljihu,
shirun nan ya fi mari zafi.

Ran Juma'a na raka ƙanina aski Tudun Wada,
wajen tsoho Ɗantani wanzami.
Can na ga aska ba ta bin kai,
kan ne ake kawo mata.
Yatsa uku a ƙeya, a karkata, a juya,
bayan kunne ya zo da kansa ya miƙa wuya,
ita ko aska tana kwance yadda take.

Na koma na zauna da lissafi.
Na rubuta wa injin asalinsa:
wa ke goye da wa, wa ke juya wa,
a ina sifiri ya kwana.
Na shata hanya, layi dubu goma sha ɗaya,
na kewaye tsakiyar nan da gaɓa biyu ke haɗa baki
faranti ya zabura kamar jakin da aka tsikara.

Iska muka fara yankawa.
Sai kakin zuma, sai itacen maɗaci.
Aka ɗauke wuta a layi na dubu shida,
muka tada janareta, muka sake laluben sifiri.

Da la'asar sakaliya ta fito:
fankar famfon ban-ruwa, ganye bakwai a lanƙwashe,
wadda manoman bakin Galma suka gaji da jira daga Ikko.
Oga ya bi ta da babban yatsa yana neman kaushi.
Bai samu ba.
Ya ce, "Share wurin nan kafin magariba."
Ina sharar na ji ƙarau a cikin kwando:
ya zazzage aljihunsa.