Lamba Ashirin da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina hawan tudun Valparaíso
da jakar wasiƙu a kafaɗa.
Na san ƙofar da kare ke gadi,
na san wadda gishirin teku ya cinye lambarta.
Yau ga ni durƙushe a ƙarƙashin matakala,
tocila a baki, gwiwa tana ƙara,
ina raba adireshi ga abubuwan da ba su da ƙofa.

Tsohuwar kwamfutar da jikata Maite ta bari
na kakkaɓe, na naɗa ta sabar gida.
Ita za ta ce wa kowa: ga lambarka,
haya ce, kwana ɗaya,
gobe ka dawo mu sake magana.

Daren farko sai rigima.
Ashe rauta bai sauka daga kujerarsa ba,
yana rabo, ita ma tana rabo,
liman biyu, sahu ya karkace.
Firinta da talabijin suka wayi gari da lamba ɗaya,
kowa ya yi gum.
Na kira Maite a Santiago. Ta yi dariya har da tari:
"Kaka, kashe ɗaya mana!"
Na shiga cikin rauta, na ƙwace masa hatimi.

Sai na zauna da fensir, yadda na saba.
Ɗaya ta mai tsaron ƙofa ce.
Biyu ta sabar.
Firinta goma, kada ta sake yawo.
Daga ɗari zuwa ɗari da hamsin na bar wa baƙi:
wayar maƙwabcina Heriberto mai satar sigina,
da duk wanda ya zo shan shayi ran Lahadi.

Wajen ƙarfe biyu, jirgin ruwa ya yi kuka a tasha,
wani suna ya ɓullo a jerin masu neman masauki:
Ondina.
Wayarta ce, a cikin durowa,
wadda nake yi wa caji duk Juma'a
tun da muka kai ta makwancinta,
ban san dalili ba.

Sabar ta tsaya tana jira na,
alama tana ƙifta ido:
haya, ko zaman dindindin?

Na kwafi dogon lambar da ke jikinta,
harafi bayan harafi, hannu na rawa,
na ba ta ashirin da bakwai,
lambar ɗakinmu na farko, mai yoyo.
A gurbin wa'adi ban rubuta komai ba.

Da safe firinta ta yi aiki.