Sikeli a Kwarin Arrach

Ni ne akawun majalisar gunduma
a nan arewacin Sikotland, inda rana
ke leƙowa kamar wadda ake bi bashi, ta koma.

Bana asusu ya rame.
Kuɗin ba za su ɗauki kaya biyu ba:
ko bas ɗin da ke hawa kwarin Arrach,
ko abincin rana na yara ɗari biyu da sha ɗaya.
Bas ɗin nan fasinjansa uku ne,
ran Laraba huɗu, in Torquil Bain zai gaida matarsa
a gidan jinya. Ta manta sunansa,
amma ba ta manta hularsa ba.

Muka zauna, ruwa na dukan taga.
Ishbel Rennie ta ce, "Ku kawo sikeli.
Aikin kirki shi ne wanda ya fi yawan sanyaya rai,
kuma ran mai gona bai fi na mai shara nauyi ba.
Ɗari biyu a nan, huɗu a can.
Me ya rage, in ba sa hannu ba?"

Struan, tsohon malami, ya goge tabarau.
"Kada ku auna yau kaɗai, ku auna ƙa'ida.
In dokarmu ta zama a yar da na nesa,
kowa zai kwana da ido ɗaya,
don kowa na da ranar da zai zama cikin huɗu.
Wannan fargabar ma, ku ɗora ta."

Likita Nessa ta ce daɗi da zafi ba mudu ɗaya ba ne,
a cire ƙaya kafin a raba zuma.
Na ce, yunwar yaro da kewar tsoho,
wace ƙaya ta fi nutsewa?
Ta ɗaga kai tana kallon rufi.

Can baya wani ya yi tari:
"Kun shiga zukatan mutane da ma'auni
ba ku yi sallama ba.
Ku tambaye su abin da suke so."

Muka tambaya.
Torquil ya zo da takalmi duk taɓo,
bai zauna ba.
"A makarantar nan na ci miyar farko mai nama.
A ba yaran. Mil tara ne, ina da ƙafa."
Ishbel ta sami abin da ta nema,
amma ban ga ta yi murmushi ba.

Na ja layi, na tara, na ɗebe.
Lissafi ya fita daidai. Sau uku na duba.

Laraba ta biyu na hango shi a bakin hanya,
iska na tura shi kamar ƙyauren da ba sakata,
kansa a buɗe, furfura ta jiƙe,
hular tana cikin leda, a ƙarƙashin hammata,
kada ruwa ya sauya mata kama.

Na taka birki.

Yanzu duk Laraba ina makara a ofis.
Littafina gida biyu gare shi, riba da hasara,
kuma har yau alƙalamina na shawagi a tsakani.
Jiya na leƙa makarantar da tsakar rana:
ƙarar cokula kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano,
wata yarinya tana lashe faranti.
Wannan ma gaskiya ne.

A bakin gidan jinya yakan tsaya,
ya kwance ledar,
ya sa hular da hannu biyu,
sannan ya shiga.