Faifan Inna Kyallu

A kasuwar Dole, bayan rumfar dukawa,
inda inuwa ke ƙarewa tun da hantsi,
nan Inna Kyallu take baza faifanta.
Ba ta san baƙi ba, na allo ko na lakwal,
amma ɗora mata dutse a tafin hannu,
ta karanta maka shi har da wasali.

Harshe ne sikelinta.
Ungurnu, in ji ta, sai ta cije ka sannan ta yi laushi.
Jar kanwa ta bisashe ce, kada ka ɓata miyarka.
Alif bauri gare shi,
yana tattare baki kamar na wanda aka biyo bashi.
Farar wuta ba a lasa:
dunƙule ta a hannu, kai ta kunne,
ka ji tana ƙas-ƙas, ɗumin mutum ma ya fi ƙarfinta.
Tozali ɗan mitsitsi, nauyi kamar maganar suruki,
in ka fasa shi ɗaki-ɗaki yake fashewa,
kowane da kusurwarsa.
Tsakiyar gaske sanyi take a kumatu, ta daɗe a haka.
Ta kwalba nan da nan take ɗaukar zafin jikinka,
irin abokin ranar biki.

Ni ne jikan da bai zauna ya ji ba.
Damina uku na yi a ramukan Jado,
na dawo bisa buhunan kamyo
da tari a ƙirji da ƙulli a lalita.
Ban biya gida ba, kasuwa na nufa.
Na kwance mata tsumman a gaban jama'a:
rawaya, yana walƙiya,
har mai goro ya miƙe tsaye.

Ba ta ce komai ba.
Ta goga shi a bayan fasasshen faranti,
layin ya fito baƙi.
Ta laluba ƙyastu a gefen zane, ta buga sau ɗaya.
Tartsatsi ya tashi, da wari kamar na ashana.

Ta ce, Ɗan Jimma,
zinariya ba ta tartsatsi.
Duka take sha ta miƙe,
ba ta fashewa, ba ta ramawa.
Wannan ɗan'uwan farar wuta ne
da ya ari rigar biki.

Mai goro ya koma ya zauna.

Na so in wurga shi kwata, ta riƙe min hannu.
Ta yi masa wuri tsakanin tozali da alif,
ta ce ko ba komai yana kunna wuta,
ni kuwa ban taɓa ganin mai jin sanyi
ya ji ɗumi da ɗan kunne ba.

Da almuru muka bi ta Birni,
faifai a kaina, ita a gaba da sanda.
Ta tsaya gun babban dutsen nan mai kama da giwa a durƙushe,
ta ɗora tafinta.
Rana ta faɗi, shi bai huce ba.
Ta ce, kakanka ginin rijiya yake,
gaba tara sai ya iske wannan a ƙasa yana jiransa,
diga uku ya ci masa, bai ba shi ko cokalin ruwa ba.
Duba shi da kyau: farar ƙwaya, baƙar ƙwaya,
da wata mai ƙyalli kamar ɓawon kifi.
Ba ya narkewa, ba ya magani, ba mai tayawa.
Duk garin nan a bayansa yake goye.

Bana shekara huɗu da rufe ta.
Faifan yana hannuna, bakinsa ya zare.
Rawayan dutsen na nan, ba wanda ya saya.
Jiya wani yaro ya sauko daga mota
da ƙura a gira da ƙulli a hannu.
Na ce masa ya fara shan ruwa tukuna,
ni kuma ina laluben ƙyastu.