Mai Riƙe Bokiti

A shagon askin Dorsey, ƙasan titin Lombard a Baltimore,
samari sun kaure da musu tun hantsi:
wane ne gwarzon gwaraza a damben masu nauyi,
wanda ba a yi kamarsa ba, ba kuma za a yi ba?
Wannan ya ambaci nasa, wancan ya daki tebur,
suna ƙirga kambu kamar masu ƙirga canji.

A kujerar lungu Cleophus Rudd na gyangyaɗi,
jarida a cinya, hula ta rufe masa gira.
Ba wanda ya tambaye shi.
Ni ma na ja bakina na tsuke,
ni da na riƙe masa bokiti shekara goma sha ɗaya,
na toshe masa hanci da auduga,
na san wace gira ce ke fara tsagewa.

Karo talatin da ɗaya ya yi.
Ashirin da shida ba su kai turmi na biyar ba.
Damansa ba ta sallama,
sai dai ka farka ka ga fitilu a sama
kana tambayar alƙali wace rana ce yau.

Takardar neman kambu ta iso ranar Talata.
Ya sa hannu a kan murfin mota, biro na rawa,
ya ce da ni, Ezell, uwata za ta bar wanki.

Amma atisaye ba ya biyan haya.
Saura kwana tara, ya koma aikin dare a tashar jiragen ruwa,
wai na ƙarshe ke nan.
Sarƙa ta zame daga akwatin ƙarfe.
Yatsu huɗu.
Ko ihu bai yi ba, in ji waɗanda ke wurin,
kallon hannun kawai yake kamar na wani.

Wanda aka saka a gurbinsa
yaro ne da ya zubar sau biyu a wurin horo,
har ni na shafa masa ruwa a ƙeya.
Mun kalla a talabijin ɗin asibiti, ba murya.
Turmi na bakwai, naushi ɗaya, zakara ya kife.
Cleophus ya ce, ya saki hagu da wuri,
sannan ya juya fuska bango.

Ga hoton yaron can bisa madubi,
ƙuda sun yi masa zane a goshi.
Sunansa na yawo a bakin samarin nan.
Ban ce bai cancanta ba.
Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, haka ake faɗa,
sai dai na ga wanda nasa ya hau
yana tsaye a ƙasa da hannu cikin filasta.

Dorsey ya kashe injin aski, ya ce,
tsoho, kai fa, wa ka zaɓa?
Ya ɗaga hular kaɗan.
Wanda ya samu zuwa ranar, in ji shi.
Suka yi dariya, suka koma musunsu.

Da za mu fita ana yayyafi.
Na tsaya na ɓalla masa maɓallan kwat,
don har yau yatsun ba sa haɗuwa.
Ya sunkuyo, kamar dā a kusurwa,
yana jira in ce masa tashi.