Littafin Awo

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a Rijiyar Ɗorowa,
tef a wuyana kamar carbi.
Littafin awo uku sun cika, na huɗu ya kusa.
Ban yi karatun likita ba,
amma ƙugun rabin unguwar nan yana rubuce a wurina.

Jiya Modi, ɗan ƙanena, ya dawo daga jami'a,
ya zauna a benci ya ce,
"Baffa, ƙiba lissafi ce.
Abin da ka ci, a ɗebe abin da jiki ya ƙona,
ragowar ita ce teɓa.
Kamar rumbu: in zubi ya fi ɗiba, sai ya cika."
Na ce masa to,
na ci gaba da taka keke.

Bayan isha na buɗe littafi.

Ga Arzika da Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya,
akushi ɗaya tun suna rarrafe,
gona ɗaya a fadamar Kwalkwalawa.
Arzika inci talatin, shekara ashirin bai gusa ba,
kamar karan dawa da aka sa wa riga.
Nomau kuwa duk Sallah sai na ƙara yadi,
yana rantsuwa ko ruwan randa ya sha sai ya zauna masa.
Modi zai ce yana ci a ɓoye.
Wataƙila. Ni dai ban kama shi ba.

Ga Jabbi, talatin da huɗu,
har ya samu gadi a wani sito a Kwannawa
ya rabu da barcin dare.
Wata tara ya zo da wando a leda, a buɗa masa.
Ya ce ƙarfe ukun dare wata yunwa ke zuwa
wadda bai taɓa sani ba,
ba ta jin lallashi, sai shayi mai kauri da burodi.
Ci ya ƙaru, nan Modi ya yi gaskiya.
To, wa ya aiko yunwar?

Malam Tukur, tun da Hajo ta rasu da damina
'ya'yansa ba su fasa kai tuwo da fura ba,
loma ce ta yi masa nauyi.
Sau biyu na rage masa kaftani.
Na uku ya ce in bar shi, ya isa.

Ƙanwata Kulu asibiti suka ɗora ta kan magani,
fuska ta cika, zobe ya ƙi fita,
mata na yi mata barka da samun hutu
tana amsawa, don bayani ya fi ƙarfinta.

Ni kaina na gwada.
Na raba tuwo biyu, na bar babur a gida,
ina takawa har Kasuwar Kara cikin ranar bazara.
Inci biyu suka tafi da sauri, sannan shiru.
Jiki ya yi abin da maigida ke yi in samu ya ja baya:
ya kashe fitila da wuri, ya rage cefane,
ya ƙulle ɗan abin da ya saura.

Da safe Modi ya zo awon riga.
Na ce, lissafinka bai yi ƙarya ba,
iska ba ta cika rumbu.
Sai dai rumbu ba ya jin yunwa,
ba ya kwana a zaune, ba a yi masa mutuwa,
bai gaji kowa ba.
Ka faɗa mini abin da ya shiga da abin da ya fita,
ba ka faɗa mini wa ke riƙe da ƙofa ba.

Ya yi dariya, ya ɗaga hannuwa.
Ashirin da tara, na rubuta.
Da na zo yanka, ban gaya masa ba,
na bar inci uku a cikin kalmasa.