Ninki da Naɗi

A Kasala, inda duwatsun Taka ke tsaye
kamar tulunan da aka kife su sha rana,
akwai wata tanda bayan tashar mota.
Kawu Attahiru ya gaje ta wurin Tasfai,
tsohon nan na Asmara mai yatsa tara,
wanda ya yi wa mutanen Italiya girki yana yaro,
ya ƙetaro iyaka ba jaka, sai abin da hannunsa ya sani.

Kullun ɗaya ne. Shi na fara koyo.
Fulawa, gishiri, yis, ɗigon man zaitun,
a lulluɓe da tsumma mai laima
har ladan ya kira la'asar.
Daga nan hanya ke rabuwa.

Ninkakken, kalzone suke ce masa.
Ka murza kullu ya zama faifai,
ka zuba cuku mai laushi a rabi guda,
niƙaƙƙen naman rago, albasa, ɗan yaji,
ka jawo ɗaya rabin ka rufe,
ka bi bakin kana tsunkulewa
kamar mai ɗinke buhun riɗi.
Zai fito wuta kamar wata ɗan kwana bakwai,
ciki a kumbure, bai gaya wa kowa komai ba.
Miyar tumatir tana gefe cikin ɗan kwano,
ba ta shiga. Kai za ka gutsura ka tsoma.

Naɗaɗɗen kuwa, sunansa ya fi ƙarfin bakin Kawu.
Sitiromboli. Ya gwada sau biyu,
ya ce a kira shi tabarma a huta.
Shi kullunsa kusurwa huɗu gare shi.
Ka shafa miyar sama-sama,
ka jera yankan nama da cuku mai ja kamar danƙo,
ka naɗe daga gefe, a hankali,
yadda ake yi bayan baƙi sun watse.
Ka tsaga bayansa sau uku ya sami numfashi.
In ya sha iska ka yanka,
kowane yanki da zagayensa kamar gammo,
babu abin da ya ɓoye.

Direban nan mai zuwa Bur Sudan, Dafa'alla,
ninkakke yake saye, kullum ɗaya,
ya ci da hannun dama, hagu na kan sitiyari,
maiƙo bai taɓa ɗigar masa a jallabiya ba.
Hajiya Hansatu mai jikoki shida
ba ta kallon ninkakke ko da wasa.
Ta ce abincin da ba a rabawa
wane irin abinci ne wannan?
A naɗe mata biyu, a yanka goma sha huɗu,
ta ƙirga da idonta kafin ta biya.

Ranar da na yi karambani
na zuba miya cikin ninkakke na rufe,
sai ga shi ya fashe a tsakiyar tanda,
ja ya malala kamar Gash ya kawo ruwa.
Kawu bai yi faɗa ba.
Ya miƙo min ƙarfen kankara, ya ce,
wanda ka rufe wa baki, kada ka cika masa ciki.
Na kankare har bayan isha'i.

Yanzu hannunsa na rawa.
Yana zaune bisa benci da kofin jabana,
ni ke ninki, ni ke naɗi,
shi ke cewa ya yi ko bai yi ba.
In an tambaye ni wanne na fi so
sai in ce wanda ya fara ƙarewa.
Amma gaskiya, a kowane naɗi
akwai baki biyu da ba mai saye,
ɓawo zalla, ba nama, ba cuku,
sai ƙamshin abin da ya zauna kusa da su.
Su nake tarawa a faranti.
In mun rufe ƙofa, ni da Kawu
mu jiƙa su da shayi, mu ci a tsaye.